Wa ya ba da umarnin harbe Janar Bare?

Da hantsin ranar Juma'a 9 ga Afrilun 1999, ayarin motocin shugaban ƙasar Nijar, Janar Ibrahim Bare Mainasara, ya shiga ɓangaren soja na filin jirgin saman Yamai. Jirgi mai saukar ungulu ne ke jiransa, zai kai shi Inates da ke kan iyakar Mali. Dogaran fadarsa sun ja sahu kamar kullum, motocinsu masu ɗauke da manyan bindigogi kuma na girke a gefen fili. Shugaban ya karɓi gaisuwar ban girma, ya juya ya nufi jirgi, sai wuta ta tashi daga bayansa. Shaidun da suka yi wa ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam bayani daga baya sun ce harbin farko kayar da shi ya yi, sannan aka sake buɗe masa wuta da irin bindigar nan da ake girkawa a bayan mota, wadda aka ƙera domin huda ƙarfe. Waɗanda suka ga gawar sun ce saura kaɗan ta rabu biyu. Ba shi kaɗai ya mutu a wurin ba, akwai na kusa da shi da harsashi ya rutsa da su, sai dai ba kasafai ake tunawa da su ba.

A wunin ranar firaminista Ibrahim Hassane Mayaki ya fito a gidan rediyon ƙasa ya shaida wa jama'a cewa shugaban ƙasa ya rasu sakamakon wani mummunan haɗari. A cikin wannan jawabi ne kuma ya ce an rusa majalisar dokoki, an dakatar da harkokin jam'iyyu. Kwana biyu Nijar ta yi ba shugaba. Ranar 11 ga wata aka ji sunan wanda ya hau: Manjo Dauda Malam Wanke, kwamandan dogaran fadar shugaban ƙasa, wato mutumin da aikinsa a ranar Juma'ar nan shi ne ya ga shugaban ya hau jirgi lafiya ya sauka lafiya. Shi ya jagoranci majalisar sojan da suka kira ta sasanta 'yan ƙasa, CRN. Gawar Bare kuwa aka kai ta Dumega, garin iyayensa a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, aka rufe.

Zancen haɗari bai kwana da ƙafafunsa ba. Bindiga takan kuɓuce wa soja, harsashi ɗaya ko biyu su fita, amma ba ta tsayawa ta huta sannan ta koma kan wanda ya riga ya faɗi. Wannan ke nan. Abin da ya fi ba ni hujja ma ba a filin jirgi yake ba, a cikin jawabin rediyo yake. Tsarin mulkin 1996, wanda Bare da kansa ya kawo, ya tanadi wanda zai riƙe ƙasa in shugaba ya mutu a kan mulki: shugaban majalisar dokoki. Da haɗari ne, abin da za a yi a bayyane yake, a rantsar da shi, a sa ranar zaɓe, a tsare sojan da bindiga ta kuɓuce masa. Rusa majalisa a ranar da shugaba ya mutu ba shi da wani amfani face toshe wannan hanyar gado. Kuma ba a taɓa nuna wa 'yan Nijar sojan da aka ce ya yi kuskuren ba, ba a faɗi sunansa ba, ba a kai shi gaban kotun soja ba. Ko direban da ya buge akuya a hanyar Doso jandarma kan tambaye shi takardu.

Don haka wace runduna ce ta yi harbin, wannan ba asiri ba ne, ko yaro a Yamai ya sani. Abin da aka binne tare da Bare shi ne sauran tambayoyin: wa ya yanke shawara, a ɗakin wa aka zauna, su wa aka sanar tun kafin Juma'a, kuma me ya sa aka zaɓi kisa alhali ana iya tsare shi, kamar yadda shi ya tsare wanda ya kifar? Ba a fahimtar amsar da ke akwai sai an koma baya an ga yadda soja ya saba da shiga rigimar farar hula a Nijar, domin Bare ɗan wannan makaranta ne tun daga ajin farko.

Yana matashin hafsa aka yi juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974, wanda Laftanar Kanar Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani a tsakiyar fari da yunwa, daren da aka kashe uwargidan shugaban, Aisa Diori. Bare ya zama dogarin Kunce na kusa, daga 1976 kuma ya riƙe rundunar tsaron fada. A lura da wannan: kujerar da Wanke ya zauna a kai, Bare ya riga shi zama. Daga nan ya riƙe rundunar 'yan lema, ya yi aikin jakadancin soja a Paris, ya yi ministan lafiya, ya yi jakada a Aljeriya. Kunce ya rasu a 1987, Ali Saibu ya gaje shi, iskar dimokuraɗiyya ta kaɗo. An harbe ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, a watan Mayun shekarar kuma sojoji suka yi wa Abzinawa kisan gilla a Cintabaraden. Babban taron ƙasa na 1991, ƙarƙashin Farfesa André Salifou, ya tuɓe wa soja rawani, ya tsare Kyaftin Maliki Bureima kan abin da ya faru a Cintabaraden.

To, a nan ne ƙananan sojoji suka gano ƙarfinsu. A Fabrairun 1992 suka yi bore kan albashi, suka kama gidan rediyo, suka tsare André Salifou, shugaban majalisar riƙo, da ministan cikin gida, suka fito da Kyaftin Maliki daga kurkuku. A watan Agustan wannan shekara, ba da umarnin kowace gwamnati ba, suka bi gari gari a arewacin ƙasar suna kama Abzinawa fiye da ɗari da suke zargi da goyon bayan tawaye. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amadu Cheiffou ba ta da ƙarfin hana su. Ba a hukunta kowa yadda zai zama izina ba. Sojan da ya ga ya tsare shugaban majalisar riƙo ya kwana lafiya a barikinsa, me zai hana shi gwada wanda ya fi wannan?

'Yan siyasa kuma suka buɗe masa ƙofa da hannunsu. Mahamman Usman na CDS-Rahama ya ci zaɓen 1993 da taimakon ƙawancen AFC, ya naɗa Mahamadu Isufu na PNDS-Tarayya firaminista. Ba a yi nisa ba suka ɓata, Isufu ya ajiye aiki a Satumban 1994 ya ƙulla ƙawance da MNSD-Nasara. Usman ya rusa majalisa, aka sake zaɓe a Janairun 1995, 'yan adawa suka yi rinjaye. Dole ya karɓi Hama Amadu a matsayin firaminista, Isufu kuma ya zama shugaban majalisa. Shekara guda aka yi ana zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba: shugaban ƙasa ya ƙi kiran taron ministoci, firaminista ya yi naɗe-naɗe ba da sa hannunsa ba, ma'aikata na bin bashin albashi, sefa kuma an karya darajarta da rabi tun Janairun 1994. A cikin wannan hali aka naɗa Kanar Bare hafsan hafsoshin soja a 1995. Ranar Asabar 27 ga Janairun 1996 ya kifar da su duka. Bayan 'yan makonni aka ga Usman da Hama da Isufu sun sa hannu kan takarda suna amincewa cewa rikicinsu ne ya jawo soja. A Yamai mutane da yawa sun yi ajiyar zuciya a lokacin, wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba.

Da Bare ya tsaya inda ya yi alkawari, da wataƙila yana raye ana kiransa dattijon ƙasa. Sai ya ce zai tsaya takara. Aka kawo sabon tsarin mulki a watan Mayu mai tara iko a hannun shugaba, aka ƙara masa girma zuwa janar, aka sa zaɓe ranakun 7 da 8 ga Yuli. Ana cikin zaɓen ya rusa hukumar zaɓe mai zaman kanta, CENI, ya kafa wata tasa, ya sa sojoji suka yi wa abokan takararsa huɗu ɗaurin talala a gidajensu: Usman, Tanja Mamadu, Isufu da Mumuni Adamu Jarmakoye. Sabuwar hukumar ta ce ya samu kashi 52.22 cikin ɗari tun zagayen farko. 'Yan adawa suka haɗu a ƙawancen FRDD, suka ƙaurace wa zaɓen majalisa na Nuwamba. Daga nan ƙasa ba ta sake zama lafiya ba: yajin aiki, kame, dukan 'yan jarida, tsare Hama Amadu a Janairun 1998 bisa zargin shirya kashe shugaba. A Fabrairun 1998 barikokin Difa da Agadas da Damagaram suka yi bore kan kuɗinsu.

Makon ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci ga mai bincike. An yi sulhu, 'yan adawa suka yarda suka shiga zaɓen ƙananan hukumomi na 7 ga Fabrairun 1999. Da alamu suka nuna suna kan gaba, sai aka far wa wuraren tattara sakamako a garuruwa da dama, aka lalata takardu. Ranar Laraba 7 ga Afrilu kotun ƙoli ta soke sakamakon wurare masu yawa ta ce a sake. Alhamis 'yan adawa suka ce Bare ya sauka, suka kira magoya bayansu su fito. Juma'a aka harbe shi.

Wannan jerin kwanaki uku shi ne tushen zargi na farko, wanda magoya bayan marigayin suka daɗe suna riƙe da shi, cewa da hannun farar hula a ciki. A yi adalci: babu kotun da ta taɓa kama wani ɗan siyasa da laifin shirya kisan, babu kuma takarda ko sautin murya da aka fito da shi. Kiran shugaba ya sauka ba laifi ba ne, aikin ɗan adawa ke nan. Abin da ake iya tabbatarwa shi ne abin da ya biyo baya. 'Yan adawa ba su yi tir da sabon mulkin ba, sun karɓe shi hannu biyu. Kafin shekara ta zagayo, Tanja na fadar shugaban ƙasa, Hama ya koma kujerar firaminista, Usman na shugabancin majalisa, Isufu na jagorancin adawa. Duk wanda Bare ya kora a 1996 ya dawo. Cin moriyar mutuwa ba shi ne kisa ba, amma yana bayyana dalilin da ya sa babu mai ɗokin tono.

Zargi na biyu na kallon waje. Bare ya hau da goyon bayan Faransa ta Jacques Chirac, wadda ta yi saurin karɓar zaɓen 1996 lokacin da Amurka ke Allah wadai da shi, ya kuma jingina da Janar Sani Abacha a Abuja. Duka ginshiƙan sun zube kafin 1999. Jacques Foccart, tsohon mai kula wa Faransa da harkokin Afirka, ya mutu a Maris ɗin 1997, 'yan gurguzu suka karɓi gwamnati a Paris a watan Yuni, Abacha kuma ya mutu ranar 8 ga Yunin 1998, Nijeriya ta kama hanyar miƙa mulki ga farar hula. A kan wannan ake gina labaran majalisar shayi, a kawo yuraniyom, a kawo Libiya, a kawo komawar Nijar ga China a 1996. Har yau ba a fito da shaidar da ta nuna wata ƙasa ta ba da umarni ba, kuma Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da taimakonsu bayan kisan. Ni abin da na ɗauka daga wannan ɓangare ɗaya ne: duk mai niyyar taɓa Bare a Afrilun 1999 ya san babu wanda zai turo ko soja ɗaya domin ramuwa.

Na uku shi ne wanda hujjoji suka fi nauyi a kansa, wato shawara ce ta cikin bariki, ta hafsoshi masu matsakaicin muƙami. Dubi wanda ya hau. A 1974 da 1996 hafsan hafsoshi ne da kansa ya karɓi mulki. A 1999 kuwa manjo ne ya tsallake kanar-kanar, shi kuma hafsan hafsoshin lokacin, Kanar Musa Mumuni Jarmakoye, ya ƙare a ministan tsaro ƙarƙashin ƙaninsa a aiki. Kwana biyun da aka yi ba shugaba na nuna manyan ba su da shiri a hannu, an yi ta ja-in-ja ne bayan aikin gama ya gama. Wannan kuma na ba da amsar dalilin kisa maimakon kamu. Mahamman Usman farar hula ne, in ka kulle shi a ɗaki babu bataliyar da za ta taso. Bare kuwa janar ne, tsohon kwamandan 'yan lema, yana da yaransa a kowane bariki. Ƙaramin hafsan da ya tsare shi da rai ya san kafin Magariba ana iya zuwa ƙwatarsa, kuma ya san makomar waɗanda suka gwada kifar da Kunce a Maris ɗin 1976 suka kasa: an harbe jagororinsu. A lissafin bariki, gawa ba ta ba da umarni.

Sai dai ko wannan bai kai mu ga sunaye ba, kuma a nan ne aka yi aikin da ya fi harbin wayo. Iyalan marigayin sun shigar da ƙara tun a makonnin farko. Kafin shari'a ta motsa, aka rubuta sabon kundin tsarin mulki, aka kai shi ƙuri'ar raba gardama ranar 18 ga Yulin 1999. Aya ta 141 ta yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairun 1996 da na 9 ga Afrilun 1999. A duba yadda aka ƙulla su wuri ɗaya. Duk na hannun daman Bare da zai ce a tono kisan ubangidansa, za a tuna masa cewa ayar da ta rufe wannan ita ce ta rufe nasa laifin na 1996. Sannan akwai abin dariya mai ciwo: gwamnatin da ke cewa haɗari ne ita ce ta rubuta wa kanta afuwar juyin mulki mai ɗauke da kwanan watan haɗarin. Ba a yi wa ƙaddara afuwa.

Ba su tsaya nan ba. Aya ta 136 ta lissafa abubuwan da ba a taɓa su har abada, ko da kowane irin rinjaye: kasancewar ƙasa jamhuriya, jam'iyyu da yawa, raba addini da gwamnati, sai aya ta 36 mai ƙayyade wa'adin shugaba, sai aya ta 141. Wato kare waɗanda suka yi harbi a filin jirgi an ba shi daraja ɗaya da jamhuriyar kanta. Wannan kundi ba sojoji kaɗai suka rubuta shi ba, da lauyoyi da wakilan jam'iyyu aka zauna. Wanke ya cika alkawarinsa, ya yi wata tara, ya shirya zaɓen da kowa ya yaba, Tanja ya doke Isufu a zagaye na biyu da kusan kashi 60 cikin ɗari, aka rantsar da shi ranar 22 ga Disamban 1999. A Janairun 2000 zaɓaɓɓiyar majalisa ta mayar da afuwar doka. Ciniki ne a fili: soja ya ba da mulki, farar hula ya ba da shiru. Jam'iyyar marigayin, RDP-Jama'a, ta yi shekaru tana neman binciken ƙasa da ƙasa, amma ita ma a 2004 ta mara wa Tanja baya a zagaye na biyu, ta shiga gwamnati.

Wanke ya rasu a Yamai ranar 15 ga Satumban 2004 bayan doguwar jinya, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, bai kuma janye zancen haɗari a bainar jama'a ba. Wanda ya fi kowa sanin abin da aka ƙulla ya tafi da shi.

Waɗanda ba su gaji ba su ne iyali, musamman matarsa, Dakta Clémence Aïssa Baré, da 'yan'uwansa. Duk ƙofar da suka ƙwanƙwasa a gida aka nuna musu dokar afuwa. Daga ƙarshe suka tafi Abuja, kotun ECOWAS, wadda a Nijar aka fi sani da CEDEAO. Ranar 23 ga Oktoban 2015 kotun ta yanke cewa an tauye haƙƙin rayuwa na Ibrahim Bare Mainasara, an kuma tauye haƙƙin iyalinsa na samun shari'a, ta umarci gwamnatin Nijar ta biya su sefa miliyan 435: miliyan 75 ga matar, miliyan 50 ga kowane ɗaya cikin 'ya'ya biyar, miliyan 10 ga kowane ɗaya cikin 'yan'uwa goma sha ɗaya. Shekara 16 kafin wata kotu ta rubuta abin da mai sayar da goro a kasuwar Katako ya sani tun ranar farko. Amma kotun Abuja ƙasa take yi wa shari'a, ba mutum ba. Ba ta da hurumin kiran sojan da ke kan bindiga ta tambaye shi wa ya ɗaga masa hannu. An yanke diyya, ba a buɗe fayil ba.

Kada a ce irin wannan ba ya tonuwa. A maƙwabciya Burkina Faso an kashe Thomas Sankara ranar 15 ga Oktoban 1987, likita ya rubuta a takarda cewa mutuwar Allah da Annabi ce. Shekara 27 maganar ba ta motsa a kotun ƙasar ba, sai da jama'a suka kori Blaise Compaoré a 2014. Aka tono kabari, aka saurari shaidu, aka fara shari'a a Oktoban 2021, ranar 6 ga Afrilun 2022 kotun soja ta yanke wa Compaoré da Gilbert Diendéré da Hyacinthe Kafando ɗaurin rai da rai. Bambancin shi ne a Wagadugu mutum ɗaya ne ya zauna a kan fayil ɗin, da ya tashi aka ɗauka. A Yamai kuwa kowa ya ɗora hannunsa a kai, masu mulki da masu adawa, suna musayar kujeru hannun bai ɗagu ba. Sankara kuma gwarzo ne a idon matasa, Bare kuwa mutum ne da ya murɗe zaɓe, don haka ba a samu taron da zai cika titi dominsa ba. Amma doka ba ta ce sai wanda ake so ne kisansa ke zama laifi ba.

Kuɗin wannan shiru Nijar ta biya shi, kuma tana kan biya. Tanja da ya amfana da kundin 1999 shi ne ya ture shi a 2009 domin tazarce, ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki, ya yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta. 'Yan adawa suka cika tituna, wasu na kiran soja a fili. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojojin Manjo Salu Jibo suka kutsa fada ana tsakiyar taron ministoci. Cikin manyan majalisar sojan da ya jagoranta har da Kanar Jibrila Hima, wanda aka fi sani da Pele, kakakin majalisar Wanke a 1999. Aka sake rubuta kundi, aka sake sa ayar afuwa, aka sake tafa wa soja domin ya miƙa mulki a kan lokaci. Sau uku ke nan ana koya wa hafsan Nijar darasi ɗaya, cewa in farar hula suka rikice shi ne alƙali, kuma ladan alƙalancinsa afuwa ce.

Isufu da ya hau a 2011 ya karanci 1999 ta fuska ɗaya kawai: a ƙarfafa dogaran fada, a ba su makamai da kuɗi, a ɗora amintacce a kansu. Amintaccen shi ne Abdurahman Tiani. Rundunarsa ce ta murƙushe yunƙurin juyin mulkin 31 ga Maris ɗin 2021, kwana biyu kafin rantsar da Mohamed Bazum. Ita ce kuma ranar Laraba 26 ga Yulin 2023 ta rufe ƙofofin fada da Bazum a ciki. A wannan karon yaƙi da 'yan ta'adda a Difa da Tilaberi ya riga ya mayar da soja cibiyar komai, daga kasafin kuɗi har dokar ta-ɓaci a jihohi, don haka bai ga dalilin yin wata tara ya tafi ba. Babban taron da aka yi a Yamai a Fabrairun 2025 ya ba da shawarar wa'adin shekara biyar da afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin, aka rantsar da Janar Tiani ranar 26 ga Maris. Tun 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS, ƙungiyar da kotunta ce kaɗai ta taɓa sauraron iyalan Bare.

Hukuncina a kan abin da ke hannu shi ne: dogaran fada ne suka kashe Bare, da shiri ba da kuskure ba, kuma alhakin farko na kan kwamandansu, ko da shi ya tsara ko da ya bari aka yi. Ɓoye sauran sunayen kuwa aikin 'yan siyasa ne da suka sa hannu a aya ta 141. Sojojin da suka tsaya a sahu ranar, da matuƙan jirgin, da ma'aikatan fada, da waɗanda suka zauna a tarurrukan kwana biyun nan, wasunsu na raye, sun yi ritaya, kuma shekaru na ja. Dokar afuwa ta hana a ɗaure su, ba ta hana su magana ba. 'Yan jaridar Nijar da malaman tarihi na jami'ar Abdu Mumuni, ku ɗauki na'urar naɗar murya ku je gidajensu tun suna iya ba da labari.